Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato: Tambayoyin da Iyaye da Ɗalibai Suka Fi Yi

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai tambayoyi su yi ta zuwa: daga uban da bai taɓa taka harabar jami'a ba, daga yarinyar da ke son likitanci, daga malamin firamare mai NCE da ke son ƙaro karatu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, masu yin su ne kawai ke sauyawa. Shi ya sa aka tattara su wuri guda. An faro daga na sanin jami'ar kanta, aka gangaro zuwa neman gurbi, kuɗi, masauki da maki. Abin da ke canzawa kowace shekara, kamar makin shiga da kuɗin rajista, a neme shi a sanarwar jami'a ta shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabci ya biya bara.

Jami'ar Ɗanfodiyo ta gwamnatin jiha ce ko ta tarayya?

Ta gwamnatin tarayya ce. Daga Abuja albashin ma'aikatanta ke fitowa, kuma ɗan kowace jiha a Najeriya yana da haƙƙin neman gurbi a cikinta. Mutane kan haɗa ta da Jami'ar Jihar Sakkwato, wadda ita ta jiha ce kuma ƙanwa ce ta nesa a shekaru, ko da makarantar horon malamai mai sunan Shehu Shagari, ko kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Kowace da hukumarta da tsarin ɗaukar ɗalibanta. Wanda ya cike sunan wata a fom ɗin JAMB alhali wata yake nufi, sai ya koma ya yi canjin makaranta kafin a fara tantancewa.

Yaushe aka kafa ta, kuma me ya sa take ɗauke da sunan Shehu?

An kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, cikin rukunin da ake kira jami'o'in zubi na biyu. Kafin wannan shekara jami'o'i shida ne a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Zariya, Ife, Legas da Benin. Duk faɗin Arewa ta Zariya ce kaɗai. A 1975 aka ƙaro Sakkwato, Maiduguri, Jos da Kalaba, sannan Kano, Ilori da Fatakwal suka fara a matsayin kwalejojin jami'a kafin su tsaya da ƙafafunsu a 1977. A 1975 ɗin Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, babu Kebbi, babu Zamfara, babu Neja a matsayin jihohi.

Karatu bai kankama ba sai 20 ga Oktoba, 1977, da ɗalibai 93 da malamai 33. Wato malami ɗaya ga ɗalibai kusan uku, abin da ɗalibin yau da ke leƙen allo ta taga zai ɗauka tatsuniya ce. Bikin yaye na farko an yi shi ran 22 ga Nuwamba, 1980, ɗalibai 72 suka fita.

A 1988 aka mayar da sunan zuwa na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Mutane sun fi tuna shi da jihadi, amma gidansa gidan alƙalami ne: shi da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce masu yawa cikin Larabci, Fulatanci da Hausa, a kan fiƙihu, mulki, magani, nahawu da waƙa. Taken jami'ar kalma ɗaya ce, "Iƙra", wato yi karatu, kuma babban ɗakin karatunta sunan Abdullahi Fodiyo yake ɗauke da shi.

A ina take? Na ji ana cewa ta cikin gari da ta bayan gari.

Wuri uku ne, kuma sanin wannan yana rage wa baƙo wahala. Mazaunin dindindin yana wajen gari, ɓangaren Dundaye cikin ƙaramar hukumar Wamakko, bayan an ƙetare fadamar Kwalkwalawa. Can ne ofishin shugaban jami'a, da babban ɗakin karatu, da mafi yawan tsangayoyi da ɗakunan kwana. Na biyu shi ne tsohon mazaunin cikin gari, inda aka fara karatu tun farko, kuma asibitin koyar da likitancin dabbobi yana nan. Na uku shi ne Asibitin Koyarwa na jami'ar, wanda kowa ke kira UDUTH, inda ɗaliban lafiya ke yin mafi yawan shekarunsu.

Hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin ta ratsa gulbi, kuma duk wanda ya yi karatu a nan a 2010 ba zai manta ba. A watan Satumba na wannan shekara ambaliya ta cinye gadar, ta raba jami'a da gari, har karatu ya tsaya. Tsofaffin ɗalibai har yau da ita suke lissafin shekaru, ka ji ana cewa wane ya shigo kafin gada ta karye, wane bayan ta karye. Batun motoci da masauki yana cikin amsar da ke kan wurin kwana.

Malam, ana cewa jami'ar bincike ce. Mene ne bambancinta da sauran makarantun gaba da sakandare?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Yawancinmu muna ɗaukar jami'a a matsayin babbar sakandare: malami ya karanta, ɗalibi ya haddace, a yi jarrabawa, a ba da takarda. Aikin malamin jami'a kashi uku ne: koyarwa, bincike, da yi wa al'umma hidima. Lakcara ba ya zama farfesa don ya daɗe a aji. Sai ya gano wani abu da ba a sani ba, ko ya gyara wanda aka sani a karkace, ya rubuta, wasu masana a wasu jami'o'i su duba su amince, a buga a mujallar ilimi. Kafin a ba shi kujerar farfesa ana aika ayyukansa ga masana na waje su auna. Shi ya sa za ka ga malami ya shekara ashirin yana koyarwa bai wuce inda yake ba, wani kuma ya zo daga baya ya wuce shi.

Ɗalibi ma ba a barinsa ya fita bai ɗanɗana ba. A shekarar ƙarshe kowa zai ɗauki batu ɗaya, a haɗa shi da malami mai duba shi, ya fita neman bayanai ko ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta kundi, a wasu sassan ma ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Ɗalibin Hausa na iya bin wani makaɗin fada ya naɗi waƙoƙinsa ya feɗe su. Na aikin gona na iya gwada taki iri uku a kan albasa. Na tattalin arziki na iya zama da 'yan kasuwar Illela ya ji yadda rufe iyaka ya taɓa su. A ganina, ɗalibin da ya sayi kundin wani ya sauya bango ya yi asarar abu ɗaya tak da jami'a ke bayarwa wanda ba a samu a sakandare, ko da ba a kama shi ba. In kuwa aka kama shi, satar fasaha laifi ne da kan kai ga soke aikin gaba ɗaya.

Kuɗin bincike da gine-gine da tura malamai ƙaro karatu, kaso mai tsoka na fitowa ne daga asusun TETFund, wanda ake tarawa daga harajin da kamfanoni ke biya. Duk ginin da ka ga an rubuta wannan suna a gabansa, daga nan kuɗinsa ya fito.

To wane bincike ake yi da ya shafi talaka?

A fara da rana, tunda ita Allah Ya hore mana ba awo. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana cikin jami'ar tun farkon shekarun 1980, tana aiki ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Ƙasa, kuma takwararta tana Nsukka. Tun kafin sola ta zama kayan da ake sayarwa a kowane lungu, a nan ake gwada murhun girki da zafin rana, da na'urar busar da tumatir da tattasai, da murhu mai tsimin itace, da samar da iskar girki daga kashin shanu. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, ya taɓa riƙe wannan cibiya.

Sai noma da kiwo. Jami'ar tana da gonar gwaji a Dabagi, da wata ta fadama a Kwalkwalawa inda ake gwajin noman rani. Yankin nan shi ne gidan jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin fatake masu ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa danganta ta ga Maroko saboda ta can take isa gare su. Nan ne kuma gidan shanun Gudali da tumakin Uda. Likitocin dabbobi da masana kiwo suna nazarin cututtukansu da abincinsu da yadda za a inganta irinsu. A ɓangaren lafiyar ɗan Adam, asibitin koyarwa yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da ake turo marasa lafiya daga jihohi da dama, akwai kuma cibiyar binciken likitanci mai zurfi da ake kira CAMRET.

Na uku shi ne abin da Sakkwato ta fi kowa: takardun magabata. Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci da Cibiyar Nazarin Hausa, tare da sassan Larabci, Tarihi da Harsunan Najeriya, suna aikin tattara rubuce-rubucen malaman daula, a tace su, a fassara, a buga. Ba ƙaramin aiki ba ne. Littafi ɗaya na iya samuwa a kwafi biyar a gidaje biyar, kowane da kuskuren mai kwafarsa, sai an jera su an gwama kafin a ce ga abin da marubucin ya faɗa. Masu wannan aiki kan yi zirga-zirga tsakanin jami'a, da gidajen malamai, da gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu da ke cikin gari.

Waɗanne fannoni ake karantawa, kuma shekara nawa kowane ke ɗauka?

Akwai Larabci da addinin Musulunci, harsuna da tarihi, shari'a, ilimin koyarwa, kimiyyar zamantakewa, harkokin kasuwanci da gudanarwa, kimiyya, aikin gona, injiniyanci, likitancin dabbobi, harhaɗa magunguna, likitanci, aikin jinya da gwajin jini da makamantansu. Fannonin harsuna da tarihi, kimiyya da zamantakewa shekara huɗu ne. Shari'a, aikin gona, injiniyanci da jinya biyar. Likitancin mutane da na dabbobi shida. Wannan lissafin takarda ne. A duba amsar yajin aiki don sanin abin da kan tsawaita shi.

Me ake buƙata kafin a samu gurbi?

Abu uku. Na farko kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, WAEC ko NECO ko makamantansu, ciki har da Turanci, da Lissafi ga fannonin da ke buƙatarsa, sauran kuma su dace da fannin da ake nema. Na biyu jarrabawar JAMB, darussa huɗu, Turanci dole, jimillar maki 400. Mai neman likitanci zai haɗa Turanci da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman shari'a kuma akasari ana neman adabin Turanci a cikin nasa. Na uku tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB.

Abin da ke kayar da yara da yawa ba rashin ƙoƙari ba ne, sakaci ne a shagon kwamfuta. Yaro ya miƙa kuɗi ya tafi yawonsa, mai shago ya zaɓa masa darussan da ba su dace da fanninsa ba. Ko sunan da ke katin ɗan ƙasa ya zama Abubakar, na takardar sakandare Bubakar, ranar haihuwa ma kowace da tata. Ko a manta a ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, alhali ba a ba da gurbi sai da shi. Uba ya zauna da ɗansa a gaban kwamfutar ranar rajista, a karanta komai da ƙarfi kafin a tura.

Ɗana ya ci maki mai yawa bai samu ba, ɗan wani da bai kai shi ba ya samu. Ba son kai ba ne wannan?

Ba lallai ba ne. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, ko daga ina mutum ya fito, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, irin su Sakkwato, Kebbi da Zamfara, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Saboda haka yara biyu masu neman fanni ɗaya na iya kasancewa a layi daban-daban.

Sannan makin da jami'a ke sanarwa na shiga tantancewa ne kawai, ba na samun kowane fanni ba. Likitanci, shari'a, jinya da harhaɗa magunguna suna da iyakar adadin da hukumomin waɗannan sana'o'i suka yarda a ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aiki. In jami'a ta zarce, ita za a hukunta, ɗaliban kuma su rasa lasisi. Mutum dubu na neman kujerar da ba ta fi ta 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka ba, dole mai maki mai kyau ya rasa. Wanda aka ba wani fanni daban ya yi shawara da kyau kafin ya ƙi. Sauya sashe bayan an shiga abu ne mai wuya, musamman zuwa fannonin lafiya, don haka kada ya karɓa da niyyar zai tsallaka baɗi.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo wa 'yata gurbi. In ba shi?

Kada ka ba shi, Alhaji. Duk gurbin jami'a a Najeriya ta shafin JAMB da ake kira CAPS yake bi: jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga da kansa ya danna karɓa. Gurbin da bai bayyana a can ba, ko an kawo maka takarda mai hatimi goma, ba gurbi ba ne, kuma ranar tafiya hidimar ƙasa asiri zai tonu. Dabarar 'yan damfara ita ce su karɓi kuɗin mutum ashirin su zauna. Waɗanda suka samu da ƙoƙarinsu, su ce aikinsu ne. Waɗanda suka rasa, a ce musu a jira jeri na biyu.

Ina da NCE, wani kuma difloma. Sai mun sake JAMB?

Ba za ku zauna jarrabawar ba, amma za ku sayi fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB ɗin. Mai NCE, ko difloma ta ƙasa, ko takardar karatun share fagen shiga jami'a ta IJMB, in sakamakonsa ya kai kuma ya dace da fannin, yakan fara daga aji biyu. A tabbata makarantar da aka fito ta aiko da sakamakon a hukumance, domin yanzu ana bin diddigin takardu sosai.

Nawa ne kuɗin makaranta, kuma akwai tallafi?

Abin da ake biya a jami'ar tarayya kuɗin rajista ne da na hidimomi: jarrabawa, ɗakin karatu, asibiti, ɗakin gwaje-gwaje da sauransu. Ya bambanta daga fanni zuwa fanni, na sabon ɗalibi ya fi na tsoho, na ɗalibin lafiya ya fi na ɗalibin tarihi. Ana biya ne ta shafin biyan kuɗi na Remita zuwa asusun gwamnati, ba a hannun kowa ba. Iyaye su sani kuɗin rajista shi ne ƙaramin kashi. Abinci, mota, kwafin takardu, data, da kuɗin kundin shekarar ƙarshe su ne ke cin aljihu a hankali.

Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma wanda ya nema ana ba shi kuɗin kashewa wata-wata. Tambayar da iyaye a nan suka fi yi ita ce ta riba: babu kuɗin ruwa a kansa, abin da aka ranta shi za a mayar, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Amma bashi ne, ba kyauta ba, yaro ya shiga da saninsa. Ban da shi akwai tallafin karatu na jihohi, wanda kowa zai nema a hukumar jiharsa.

Ina ɗalibi zai kwana, kuma yaya zirga-zirga?

Akwai ɗakunan kwana na maza da na mata a cikin jami'a, amma kamar kowace jami'ar gwamnati, masu nema sun fi gadajen yawa. Wanda ya gama rajista da wuri ya fi samun dama. Sauran kan kama haya a gidajen 'yan kasuwa da ke kewayen harabar, ko a ƙauyukan da ke maƙwabtaka, ko su zauna cikin gari suna shiga motar ɗalibai kullum. Mai zama cikin gari ya lissafa kuɗin mota da na kabu-kabu na wata guda kafin ya ce haya ta yi tsada, ya kuma tuna laccar ƙarfe takwas ba ta jiran layin mota.

Wanda ya zo daga Jos ko kudu a gaya masa gaskiya game da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗalibai su fitar da katifu waje da dare, karatu ya koma bayan isha'i da asuba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne mai ƙura da fasa leɓe. Kafin ya kama ɗaki ya fara tambayar ruwa, sannan wuta. Gidan sauro kuwa ba abin sakaci ba ne ga mai kwana kusa da fadama.

'Yata ce za ta tafi, hankalina bai kwanta ba. Matar aure ma za ta iya?

Hajiya, ɗakunan mata daban suke, da masu kula da su da dokokin shiga da fita, kuma jami'ar tana da ƙa'idar sutura ga maza da mata. Ɗalibanta kan yi alfahari da cewa tasu ce jami'a mafi zaman lafiya a ƙasar; kirari ne, amma ba a banza ya samo asali ba. Matan aure da masu goyo suna karatu a kowace tsangaya. Abin da ke ba su wuya shi ne haihuwa ta faɗo lokacin jarrabawa. Mai irin wannan lalura ta rubuta wa sashenta takardar neman ɗage zango tun da wuri, kada ta ɓace shiru, don wanda bai zauna jarrabawa ba babu izini faɗuwa ake rubuta masa. Mai ganin karatun mace baƙon abu ne a ƙasar nan ya koma amsar da ke kan sunan Shehu, ya tuna Nana Asma'u da ƙungiyarta ta 'yan taru, da malamai mata da take aikawa ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Ni ba Musulmi ba ne, ba na kuma jin Hausa sosai. Zan iya zama?

Za ka iya. Da Turanci ake koyarwa, in ban da sassan harsuna, kuma akwai ɗalibai da malamai daga kowane sashe na ƙasar. Ɗalibai Kirista suna da ƙungiyoyinsu na ibada kamar yadda Musulmi ke da nasu. Abin dariya ma shi ne Bakano kan sha ruɗewa kusan kamar kai a makon farko, in ya ji ana "mi kake so", "wanga yaro", "munka tahi", ko an miƙo masa hura an ce ya sha. Kafin zango ya ƙare shi ma ya fara.

Yaya ake lissafin maki, kuma mene ne kari-oba?

Kowane darasi yana da nauyinsa, wani biyu wani uku. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5. B maki 4. Haka har zuwa F, sifiri. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara, a raba da jimillar nauyin, abin da ya fito shi ne matsayin ɗalibi, kuma yana bin sa daga aji ɗaya har fita. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama; 1.50 zuwa 2.39 ta uku.

Kari-oba shi ne darasin da aka faɗi, dole a sake shi baɗi tare da 'yan ajin baya, sifirin kuma ya riga ya shiga lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne wasa da shekarar farko. Yaro ya fito daga hannun iyaye, babu mai tada shi, ya tara sifiri biyu uku, sai ya shekara uku yana cike ramin da ya haƙa a wata huɗu. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai akan ba shi gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi. Likitanci tsarinsa daban ne: jarrabawar ƙwarewa ake yi mataki-mataki, a ci ko a maimaita.

Yajin aiki fa? Shekara huɗu ba za ta zama shida ba?

Tana iya zama. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, rikici ne tsakaninta da gwamnatin tarayya a kan kuɗin gudanarwa, albashi da yarjejeniyoyin da ba a cika ba, kuma yana shafar kusan duk jami'o'in tarayya lokaci guda. Na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, ya haɗu da kullen korona. Na 2022 ya faro 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga jami'a da shekaru ya sa wannan a lissafi, domin mai kammalawa bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa ake ba shi maimakon hidimar ƙasa.

Wa ke tafiyar da jami'ar?

Shugaban jami'a ne ke riƙe da ragamar yau da kullum, wa'adinsa shekara biyar ba ƙari. Majalisar gudanarwa ke kula da kuɗi da naɗe-naɗe, majalisar malamai kuma ita ke da ta cewa a kan karatu: ita ke amincewa da sakamako da kalandar shekara. Shi ya sa in an ce sakamako yana jiran zaman majalisa, ba malamin darasi ne ya riƙe shi ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, daga Abuja ke zuwa duba kowane fanni kafin ta amince da shi.

Shugaba na farko shi ne Farfesa Shehu Galadanci, masanin Larabci daga Kano. Masanin tarihi Farfesa Mahdi Adamu ya gaje shi. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, wanda ya riƙe ta daga 2004 zuwa 2009, shi ne ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020. Bayansa an yi Farfesa Riskuwa Arabu Shehu, Farfesa Abdullahi Abdu Zuru, da Farfesa Lawal Suleiman Bilbis.

Ina son digiri na biyu ko na uku. Ta ina zan fara?

Ta makarantar karatun gaba da digiri, ba ta JAMB ba. Akasari ana neman daraja ta biyu ƙarama zuwa sama, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga jami'ar da aka fito. Mai daraja ta uku kan fara da babbar difloma. Kafin ka sayi fom, je sashen ka tambaya ko akwai malamin da ya ƙware a batun da kake so kuma yana da sarari, domin a wannan mataki abin da aka faɗa a amsar jami'ar bincike shi ne kusan dukkan aikin. Darussan aji zango biyu ne su wuce. Kundin ne ke ɗaukar shekaru, kuma sai wani farfesa daga wata jami'a ya zo ya yi maka tambayoyi a kansa kafin a sa hannu.

Ni ba ɗalibi ba ne, makiyayi ne. Akwai abin da zan samu a can?

Akwai. Asibitin koyar da likitancin dabbobi da ke mazaunin cikin gari yana karɓar dabbobin jama'a: saniya, doki, rago, kaji, har kare da kyanwa. Ana dubawa, a yi gwajin jini ko na kashi, a yi tiyata in ta kama, kuma da dabbobinku ɗalibai ke koyon aiki ƙarƙashin idon malamansu. Ka tafi da bayanin ranar da ciwon ya fara, da abin da dabbar ke ci, da kwalin duk maganin da ka riga ka ba ta. In wata ta mutu a garken kwatsam, kada a yanka a kai kasuwa, kada kuma a feɗe ta a gida. A sanar da likita ya duba musabbabin kafin ciwon ya bi sauran.